Majinyata Biyu a Ɗakin Inna

Mu biyar Inna ta haifa, kuma duk mu biyar ɗin muka haɗa baki muka ɓoye mata sunan ciwonta. Idan ta tambaya sai mu ce ƙari ne, likita ya ce da magani zai narke. Ita kuma sai ta gyaɗa kai ta ce Allah ya sa a dace. Muna ganin mun iya ɓoyo. Sai da wata kyanwa ta karye a ƙofar gidanmu muka gane wanda yake ɓoye wa wani.

Duk wanda ya san Sabuwa a 'yan shekarun nan ya san idan aka ambaci daji, ba ciwo ke fara faɗo wa mutum a rai ba. Dajin da ya haɗa mu da Faskari da Birnin Gwari ya daɗe da cinye mana barci. Tun daren da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, uwa ba ta ƙara sakin jiki idan ɗanta ya wuce magariba a waje ba. Muna cikin wannan sai ga wani dajin ya shigo mana har cikin ɗaki. Shi ya sa a gidanmu ba a kiran sunansa. "Ciwon nan" kawai ake cewa, kowa ya gane.

A cikin azumin 2021 Inna ta fara jin ƙullutu a mamanta na hagu. Ba ta faɗa wa kowa ba sai bayan Babbar Sallah, shi ma Goggo ta faɗa wa, ƙanwar marigayi Babanmu, don ba abu ne da uwa za ta buɗe wa 'ya'yanta ba. Aka yi ta shan saiwa da rubutu da shafe-shafe har damina ta yi nisa. Ba za mu zagi kowa a kan wannan ba, domin da hannunmu muka riƙa dafa saiwar. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa muka kai ta Funtuwa, daga nan aka tura mu Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Aka ɗebi 'yar tsoka aka kai gwaji. Sakamako ya fito: sankarar mama. Likita ya ce ƙarin ya girma, sai an fara ba ta magani ta jijiya ya rage shi kafin a yi maganar aiki. Zagaye shida, kowane bayan kwana 21.

Kuɗi kuwa, shanun noma biyu muke da su. A ƙarshen watan Agusta gwamnatin jiha ta hana cinikin dabbobi a kasuwannin yankinmu saboda matsalar tsaro, don haka ba inda za mu kai su. Sai da masara ta bushe muka riƙa ɗaukar buhunan da ya kamata mu ci har wata damina muna kai wa kasuwar Ɗandume. A watan Satumba kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da tamu. Wanda bai zauna cikin wannan ba zai ɗauka ƙaramin abu ne. Ƙanwar Inna tana aure a Kano, kullum bayan isha'i sukan yi hira a waya har katin ya ƙare. Aminiyarta ta ƙuruciya tana Kaduna. Dare ɗaya duk aka yanke. Daidai lokacin da ta fi bukatar muryar sa'anninta, mu kaɗai suka rage mata, mu da muke mata ƙarya.

A watan Oktoba aka fara. Ɗaya daga cikin magungunan ja ne kamar zoɓo, nas ɗin ma ta gargaɗe mu kada mu firgita idan fitsarinta ya yi ja kwana ɗaya ko biyu. Abin da ya biyo baya shi ne amai, da ɗacin baki, da ƙin warin duk abin da aka soya. Kafin zagaye na biyu gashinta ya fara bin matajin. Ta sa aka aske sauran, ta ɗaura ɗankwali, ba ta ƙara kwance shi a gabanmu ba.

A nan ne muka yi kuskuren da muka ɗauka ladabi ne. Inna mace ce da ba ta san zama ba. Ita ke yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa na unguwa, ita ce uwar adashen mata goma sha huɗu, makullin ɗakin hatsi a bakin zanenta yake kwana. Duk muka karɓe. Ta ɗauki tsintsiya, a ce Inna ki huta. Ta leƙa madafa, a ce Inna hayaƙi. Littafin adashe muka miƙa wa maƙwabciya. Makullin ya koma aljihun Yaya Babba. Ga 'yan dubiya, Allah ya saka masu da alheri, daga safe har dare: sannu, sannu, sannu. Wasu in sun gama sannun sai su kawo labarin wance ta Maska da aka yanke wa mama ba ta yi wata uku ba. Cikin mako shida muka mayar da matar da gida ke juyawa a hannunta ta zama abin kallo a kan katifa.

Da muka dawo daga zagaye na biyu ta ce ta gama. "Ku bar ni in mutu a ɗakina. Masarar da ta rage ku ci abinku." Ba da faɗa ta faɗa ba, kuma wannan ne ya fi tsorata mu.

Kyanwar dai ba baƙuwa ba ce. Shekara uku tana ɗakin hatsinmu tana maganin ɓeraye, fara mai tabon toka a ka. Ba wanda ya taɓa sa mata suna, kuma idan akwai wanda ya fi kowa korar ta da muciya to Inna ce, saboda satar kifi. Wata safiya, kamar kwana goma bayan zagaye na biyu, wani mai babur ya take mata ƙafar baya a ƙofar gida ya wuce. Ta jawo jiki ta ratsa zaure da tsakar gida, ta wuce ɗakuna uku a buɗe, ta shige ƙarƙashin gadon Inna. Masu ilmin dabbobi za su ce ɗakin ne ya fi kowane shiru da duhu, kuma gaskiyarsu ne.

Muna tsakar gida muka ji muryar da muka yi makonni ba mu ji ba, ta ba da umarni: "Auta! Kawo min ruwan ɗumi da gishiri. Da tsumma mai tsabta." Muka shiga muka tarar da ita durƙushe a ƙasa, matar da sai an riƙe ta take zuwa banɗaki. Ta wanke raunin, ta sa aka fere mata kara biyu, ta ɗaure ƙafar yadda ta ga masu ɗori suna yi. Ta ce a kawo madara. Da kyanwar ta ƙi sha sai ta ce a dama kunu, ta zuba mata kaɗan a murfin kwano, ta riƙe kofin tana kurɓa tana cewa, "Kin gani? Ba guba ba ne." Rabin kofi ta sha a ranar. Mu da muka yi kwana uku muna roƙo ba ta sha cokali biyar ba.

Ya kamata mu yi murna, amma tsoro muka ji, kuma tsoron yana da dalili. An yi mana bayani a asibiti cewa maganin ba ƙarin kaɗai yake kashewa ba, yana rage sojojin jiki, kuma sun fi yin ƙasa a mako na biyu bayan an sa shi. Ƙaramin ciwo a lokacin yana iya zama babba, zazzaɓi kuwa ba a kwana da shi a gida. Ga dabba mai buɗaɗɗen rauni tana kashi da fitsari a ƙarƙashin gado. Ga hanyar da ba a bin ta da dare ko da mutum zai mutu. Muka yi shawara a zaure, ba mu sa Inna a ciki ba kamar yadda muka saba. Bayan ta yi barci Yaya Babba ya sa Auta ya zura kyanwar a buhu ya kai ta bayan mahauta.

Da safe ta duba ƙarƙashin gado. Muka ce ta gudu.

"Mai ƙafa uku ce ta gudu?"

Ba wanda ya amsa. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Ashe wanda ya gaza a gidan nan, buhu ake sa shi." Ta juya ta fuskanci bango. Ba mu san yadda aka yi ta san da buhun ba. Ranar ko ruwa sai da Goggo ta haɗa ta da Allah ta sha.

Allah ya taimake mu Auta bai bi umarni ba. Yaron ya kasa, sai ya kai ta zauren abokinsa ya kifa mata kwando. Washegari da hantsi Yaya Babba da kansa ya je ya ɗauko ta, ya shigo da ita a hannu, ya ajiye a gaban gado bai ce komai ba. Inna ma ba ta ce masa komai ba. Shi ne ɗan fari, ko sunansa ba ta faɗa, kuma a iya saninmu ba su taɓa yin hirar da ta wuce gaisuwa da saƙo ba. Goggo ce ta cika shirun, ta tuna mana matar da hadisi ya ce ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, da sahabin da aka fi sani da laƙabin 'yar kyanwarsa, Abu Huraira. Duk mun sani tun muna makarantar allo. Sanin bai hana mu ɗauko buhu ba.

A daren ne ɗaya daga cikinmu da ke kwana a ɗakin ta farka ta ji Inna tana magana ƙasa-ƙasa. Ta ɗauka addu'a ce. Ashe da kyanwa take. Tana ce mata, "Ke taki ƙafa ce, za ta ɗoru. Ni sankara ce. Suna tsammanin ban sani ba, kamar ban ga matan da muke zama da su a layi ba." Ta faɗa mata tana tsoron wuƙa. Ta faɗa mata abin da ya fi wuƙar ba ta tsoro, wato ta cika a Zariya a rasa hanyar dawo da ita, a binne ta inda ba kowa nata. Ta lissafa mata mutum uku da take bi bashi da mutum ɗaya da ke bin ta. Ta ce Auta ne damuwarta, bai gama makaranta ba kuma zuciyarsa ta yi taushi da yawa. Ta ce, "In na faɗa masu kuka za su yi, in koma ni ke rarrashi. Ke kuwa ba ruwanki."

Da asuba 'yar uwarmu ta same mu a madafa ta maimaita mana. Muka yi kukan da Inna ta ce za mu yi, amma dai ba a gabanta ba.

Mun sha juya wannan magana a tsakaninmu. Ba mu yarda cewa dabba ta fi mu son uwarmu ba, kyanwa kifi take so da wuri mai ɗumi. Sai dai akwai abu biyu da ta iya waɗanda muka kasa. Ta iya jin magana mai nauyi ba tare da fuskarta ta canza ba. Sannan tana da bukata. A duk faɗin gidan ita kaɗai ce ba ta ce wa Inna ki huta ba, kuka take mata idan yunwa ta kama ta, kuma Inna ta tashi.

Raunin bai yi kyau ba. Ya fara wari, ƙafar ta kumbura. Wani ya ba da shawara a daka mata rabin farasitamol, Allah ya sa Inna ta ce ba za a ba ta abin da ba a sani ba. Saura kwana biyu zagaye na uku, Inna tana nan a kan bakanta na ba za ta koma ba. Sai wata daga cikinmu ta ce, kamar da wasa, ai akwai asibitin koyarwa na dabbobi a jami'a a Samaru, ga shi kusa da Shika. Inna ta yi shiru, can ta ce, "Wayo za ku yi min." Muka ce eh. Ta ce a nemo kwali a huda shi.

Haka muka kama hanya bayan rana ta fito sosai, don ba mai fita da duku-duku: Sabuwa zuwa Ɗandume, Ɗandume zuwa Funtuwa, sannan a canza mota a bi ta Giwa. Kwalin yana kan cinyarta, ta hana a sa shi a but. A wani shinge jami'in tsaro ya tambayi abin da ke ciki, kafin a ba shi amsa kyanwar ta amsa da kanta, mota ta ɗauki dariya har da shi. Wani dattijo ya ce mutane na neman na magani, ku kuna kai mage asibiti. Inna ta ce, "Malam, tare aka ba mu ranar ganin likita." Sai da muka kusa Zariya wayoyinmu suka farfaɗo, saƙonnin mako uku suka riƙa shigowa a jere. Ta kira ƙanwarta ta Kano, kuma rabin hirar a kan kyanwa aka yi ta.

A Samaru suka duba, suka ce ƙashin ya karye a ƙasan gwiwa kuma ya fara haɗewa a karkace. Suka wanke raunin, suka sake ɗauri, suka ba da magani, suka ce a tsare ta a wuri ɗaya kamar mako shida. Da muka ambaci farasitamol likitan ya ɗago kai da sauri. Ya ce jikin kyanwa ba ya iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Mun rubuta wannan ne musamman don masu kyanwa a gida.

Washegari a Shika, bayan gwajin jini ya nuna za a iya sa magani, Inna ta yi abin da ba mu shirya masa ba. Ta dubi likita ta ce, "Likita, faɗa wa yaran nan na san sankara ce, su huta da ɓoyo." Sannan ta tambaye shi ko zama da kyanwa zai cutar da ita. Bai yi dariya ba. Ya ce kada ta taɓa kashinta, wannan aikin wani ne. Kada ta wanke raunin da hannunta. Ta wanke hannu da sabulu duk sanda ta taɓa ta, kada ta kwana da ita a gado, idan ta yakushe ta ko ta cije ta a wanke nan take a sanar da su. Ban da wannan, in ji shi, duk abin da zai sa ta ci abinci ta dawo ranar da aka ba ta, yana maraba da shi. Tambayar da ya kamata mu yi ke nan tun farko maimakon shawarar zaure.

Daga ranar bakinta ya buɗe a ɗakin ƙarin ruwa. Da can zama take ta rufe fuska da mayafi har a gama. Yanzu ta zama Mama mai kyanwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mata miliyan 2.3 aka gano suna da sankarar mama a duniya, amma mu waɗanda muka sani su ne na kan bencin nan. Akwai wata malamar firamare daga Kafanchan da ke zuwa da Littafi Mai Tsarki a jaka, kowane zuwa sai ta fara tambayar ƙafar kyanwa kafin ta tambayi jikin Inna. Akwai wata 'yar Gusau, su ma an yanke masu waya, ƙaramar yarinya mai goyo. Su suka koya wa juna abin da ba ya cikin takardar asibiti: tauna citta idan zuciya na tashi, cin abinci kaɗan-kaɗan kuma bayan ya huce, yadda ake ɗaura ɗankwali kada ya zame a kan da ba gashi. Suna maganar mutuwa a fili suna dariya, abin da mu ba za mu iya da ita ba har gobe. A zagaye na biyar ba mu ga 'yar Gusau ba. Inna ta tambayi nas sau ɗaya, ta ga yadda ta kau da kai, ba ta sake tambaya ba. Da muka dawo gida ta daɗe zaune a gaban kwalin.

A gida muka mayar mata da makullinta. Littafin adashe ma ya dawo, tana kishingiɗe mata na kawo zubi tana lissafi tana kama masu kuskure. Aikin kashin kyanwa ya faɗa kan Yaya Babba, shi ya ce a bar masa. Kullum da safe sai ya shiga da yashi sabo a tsohon faranti, kuma a nan ne, yana durƙushe yana kwasa, suka fara 'yar hira shi da ita. A nan ta faɗa masa basussukan da bakinta.

Akwai wani abu da ya kusa ɓata mana wannan duka. Goggo ta kawo zancen da ake yi na masu ɗorin da, wai sukan karya ƙafar kaza su ɗaure ta rana ɗaya da ta mutum, idan kaza ta taka to mutum ma zai taka. Da wasa ta faɗa, amma maganar ta zauna mana. Muka koma duba kyanwa kafin mu duba Inna. Ranar da ta ci, gida ya yi haske. Cikin sanyin Disamba ta yi kwana biyu ba ta ci ba, wallahi har da masu kuka a ɓoye. Inna ce ta gane, ta tara mu ta wanke mu tas. Ta ce camfi ne, ran kowa daban ajalin kowa daban, kuma kada mu ɗora wa baiwar Allah kayan da ba nata ba. Ta ce in kyanwar ta mutu gobe, ita jibi za ta Shika.

Ba ta mutu ba. A watan Janairu aka kwance ɗaurin, ta fito tsakar gida tana ɗingishi, yaran unguwa suka sa mata Gurguwa. Inna ta gama zagaye na shida, ƙarin ya ragu, aka yi mata aiki a watan Maris na 2022, ana saura 'yan makonni azumi. An cire maman gaba ɗaya. Ranar da muka dawo da ita gida kyanwar ta taho da tafiyarta ta karkace ta tsaya a bakin ƙofa. Inna ta dube ta ta ce, "To, ke da uku, ni da ɗaya." Goggo ta ce a'uzubillahi, wace irin magana ce wannan a gaban yara, amma ita ma dariyar take.

Har yanzu Inna tana shan ƙwayarta kullum, kuma muna kai ta Shika duk ranar da suka rubuta mata. Hannunta na hagu yakan kumbura idan ta yi aiki da yawa, don haka tuyar ƙuli-ƙuli ta koma hannun jikokinta, ita tana zaune a kujera tana faɗa. Gurguwa ta koma ɗakin hatsi, ta kuma koma satar kifi. Shekaranjiya ma muciya Inna ta bi ta da ita har zaure.